Zangon Mota: Takarda Da Tsaron Rai A Gidan Mai

Kakanninmu fatake da suka riƙa safarar goro daga Gwanja zuwa ƙasar Hausa ba su kan sauke kaya a wuri ba sai madugu ya duba shi. Ya dubi ruwa, ya nuna inda za a ɗaure jakuna, ya nuna inda za a hura wuta nesa da kaya, sa'an nan ya tafi ya sallami mai ƙasa. Wurin saukar nan shi ne zango, daga gare shi kuwa unguwanninmu suka sami suna. To, yau jaki ya ba mota hanya, zangon mota kuwa shi ne gidan mai. Tsayawar ba ta fi minti biyar ko goma ba, amma a cikinta ɗan kasuwa ya kan yi hasarar ribarsa a wajen awo, wani lokaci ma ya yi hasarar uwar kuɗi da rai a gobara. Saboda haka muka ga ya kamata mu tattara wa iyayenmu dattawa da 'yan'uwa masu fatauci abin da ya wajaba mai mota da direbansa su kiyaye a wurin nan, da takardun da za su tsaya musu in abin da ba a so ya auku.

DARE BIYU A ANKARA

Ran Laraba 3 ga Yuni, 2015, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Ankara. Kogin Odaw ya cika ya tumbatsa, hanyoyi suka toshe, mutane masu yawa suka fake a gidan man GOIL da ke kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, waɗansu a ƙafa, waɗansu a cikin motocinsu. Ashe ambaliyar ta shiga rumbunan mai na ƙarƙashin ƙasa ta turo man waje, yana yawo bisa fuskar ruwa. Kwamitin binciken da Gwamnati ta naɗa ya ce guntun taba sigari ne aka yar a kan ruwan nan. Wuta ta bi ruwa ta komo gidan mai. Ambaliya da gobara suka ci rai fiye da 150 a dare ɗaya, har Shugaban Ƙasa John Mahama ya sa aka yi zaman makoki na kwana 3.

Bayan shekara biyu, ran Asabar 7 ga Oktoba, 2017, tankar iskar gas tana sauke kaya a Atomic Junction, kusa da Madina, sai iskar ta ɓulle. Wuta ta kama, ta tsallaka gidan fetur da ke maƙwabtaka. Aƙalla mutum 7 suka rasu, fiye da 130 suka ji ciwo. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Mutanen da suka fake a gidan mai a daren farko ba su yi wauta ba, sun ga rumfa da haske ne suka nufa, kamar yadda kowa zai yi. Abin da ya ɓace musu shi ne halin man fetur. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. To, bari mu fara da halin nasa.

HALIN FETUR

Ruwan fetur ɗin da ka ke gani ba shi ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Fetur yana fid da tururi a kowane irin yanayi, ko a ƙasashen da sanyi ke kai awo 40 ƙasa da sifiri, balle a zafin Tamale ko Bawku. Muddin hancinka ya ji warinsa, to, tururin yana nan. In ya gauraya da iska gwargwadon kashi 2 zuwa 7 cikin 100, tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Abu na biyu, tururin nan ya fi iska nauyi sau uku ko huɗu. Hayaƙin itace ya kan yi sama ya watse, shi kuwa ƙasa ya ke bi, yana rarrafe kamar maciji, ya shiga kwata, ya kwanta a rami, ya taru ƙarƙashin mota. Shi ya sa murhun gawayi na mai ƙosai ko tukubar mai tsire da ke taku ashirin daga famfo ke iya jawo wuta, ko da ya ke ba wanda ya ga abin da ya haɗa su.

Abu na uku, fetur bai kai ruwa nauyi ba. In ka watsa ruwa a wutar fetur, man zai hau kan ruwan ya bi shi duk inda ya gangara, ka ga ka ba wuta abin hawa ke nan. Abin da ya faru a Ankara ke nan a 2015. Don haka in ambaliya ta same ka a hanya, ka nemi tudu ko bene, ka yi nesa da gidan mai, in kuwa ka ji warin fetur a kan ruwa ka gargaɗi duk wanda ke kusa.

Man dizal ya fi fetur haƙuri, sai ya yi zafi fiye da awo 50 kāna ya ba da tururin da zai kama. Amma in ya kama ba shi da sauƙin kashewa, in kuma ya zube a ƙasa yana da santsi ƙwarai ga mai babur. Iskar gas kuwa, wadda taksi da yawa ke aiki da ita, ita ma ƙasa ta ke bi kamar tururin fetur, ta ma fi shi saurin yaɗuwa.

Akwai wani abu da ke ba mutane mamaki. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, gama iska da tururi ne suka cika shi. Kada a kai wa mai walda tankin mota ko duro na fetur a ce ai ba kome a ciki. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

LADABIN TSAYAWA GABAN FAMFO

Da ka shiga gidan mai, dubi ko akwai tanka tana sauke mai. In akwai, wuce ka nemi na gaba, ko ka dakata can nesa. Lokacin saukewa ne tururi ya fi yawa a filin, kuma sabon man da ke zuba ya kan tayar da lakar da ta kwanta a gindin rumbu.

In ka tsaya, ja birkin hannu, ka kashe inji. Mun san hujjar da direbobin tasha su kan kawo: batir ya yi sanyi, in an kashe sai an tura. To, motar da ba ta tashi sai da turi wajen makaniki ya kamata ta nufa, domin injin da ke aiki yana da salansa mai zafi da wayoyi masu tartsatsi, tururin nan kuwa a ƙarƙashinta ya ke kwance.

Motar haya ta sha mai tun ba ta yi lodi ba. Wannan shi ne tsari mafi kyau, sarakunan tasha kuwa suna da ikon sa a bi shi. In tafiya mai nisa ce, kamar daga Kumasi zuwa Bolga, har ya zama dole a ƙara mai a Tachiman ko Kintampo, sai fasinja su sauka su tsaya gefe. Ku tuna yadda a ke cusa mutane a trotro: ƙofa ɗaya, kujerar tsakiya a naɗe, kaya a ƙafafu, ga tsofaffi ga masu goyo. In wuta ta tashi mutum nawa za su fita cikin rabin minti? Mai babur da mai keke mai ƙafa uku su ma su sauka, domin tankin babur bisa inji mai zafi ya ke, tsakanin cinyoyin mai shi.

Taba da ashana ba sai an faɗa ba. Amma direba ya dubi yaron motarsa da fasinjan da ya zaga bayan mota, gama galibi daga can abin ke fitowa.

Batun wayar hannu, masu binciken gobarar gidajen mai a Amurka sun bi diddigi ba su tabbatar da wutar da waya ta tayar ba. Duk da haka a ajiye ta. Doka ce ta wurin, an rubuta a jikin ginshiƙi, kuma mai magana a waya ba ya ganin abin da a ke zuba masa, ba ya ganin lambar famfo, wani ma ya kan ja mota tiyo na maƙale.

Abin da binciken nan ya tabbatar shi ne tartsatsin jiki. Kowa ya san yadda a lokacin hunturu mutum ya kan taɓa ƙofar mota ya ji ta ɗan cije shi, ko ya tuɓe riga da dare ya ga tana walƙiya. Wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kunna tururin fetur. Saboda haka wanda ya fito daga mota ya fara dafa ƙarfen jikinta nesa da bakin tanki kafin ya matso. Jarka kuwa, ko ta janareto ce ko ta injin niƙa, a sauke ta ƙasa a cika, bakin tiyo yana taɓa bakinta. Kada a cika ta tana cikin but ko a bayan a-kori-kura. A bar mata ɗan fili a sama, domin mai ya kan kumbura in ya ji rana.

Haka kuma in famfo ya yi ƙaras ya tsaya da kansa, tanki ya cika ke nan. Al'adar girgiza mota a ƙara ɗura mata har mai ya leƙo ba ta da riba. Abin da ya ƙaru zubewa zai yi a jikin mota da ƙasa, kai ka biya kuɗinsa.

Faɗa wa mai zuba mai da bakinka, fetur ko dizal, ka kuma dubi rubutun famfo. In aka yi kuskure aka zuba wa motar dizal fetur, kada ka murza makulli ko kaɗan. A tura ta gefe da hannu, makaniki ya zuƙe tankin. Muddin ba a tada inji ba hasarar ba ta wuce kuɗin mai da ladan makaniki ba. In an tada, fetur zai cinye famfon injin da allurai, gyaran kuwa ya kan ci ribar watanni.

IN WUTA TA TASHI

In wuta ta kama a bakin tanki ana cikin zuba mai, kada a fizge tiyo. Wanda ya fizge zai fesa mai mai cin wuta a jikinsa da jikin jama'a. A bar shi a maƙale, a ja da baya, ma'aikaci ya danna maɓallin da ke tsai da famfunan duka. A fid da mutane tukuna, kaya daga baya. A buga 192 ko 112 a kira 'yan kwana-kwana tun wutar tana ƙarama, kada a jira sai ta gagara.

Dokokin hanya na 2012 sun wajabta wa mota ɗaukar tukunyar kashe wuta. Da yawa daga cikinmu sun saye ta ne don 'yan sanda, tana can ƙarƙashin taya a but, ba a taɓa duba ta ba. A ajiye ta inda hannun direba zai kai. A nemi mai hoda, a duba allurar da ke kanta tana kan kore, a duba ranar da aka rubuta a jikinta. Yadda a ke aiki da ita: zare fil, nufi gindin wutar, matsa, ka riƙa kaɗawa dama da hagu. Ƙarama ba ta wuce daƙiƙa goma tana fesawa, don haka kada a ɓata ta a harshen wuta. In babu, yashi ya yi, shi ya sa a ke jera jajayen bokitai cike da yashi a gidan mai. In injin mota ne ya kama, kada a wangale bonet gaba ɗaya iska ta shiga, a ɗan ɗaga a fesa ta kafar. Wanda rigarsa ta kama kada ya yi gudu, ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo ko tabarma mai kauri. Masu babbar riga su lura da wannan ƙwarai.

MUDUN GIDAN MAI

Wannan ke nan game da wuta. Yanzu sai takarda, mu fara da ta mai sayarwa.

Ba a buɗe gidan mai a Gana sai da lasin hukumar man fetur ta ƙasa, watau NPA, wadda aka kafa a 2005, da izinin hukumar kare muhalli ta EPA, da takardar shaidar 'yan kwana-kwana cewa wurin ya cika sharuɗɗan tsaron gobara, da izinin gini na majalisar gari. Tun 2015 Gwamnati ta bar wa kamfanoni su yanka farashinsu, farashin kuwa ya kan sake sau biyu a wata, a farkonsa da tsakiyarsa. Don haka kuɗin lita ɗaya ya kan bambanta daga wannan gida zuwa wancan. Dubi babban allon bakin hanya, ka dubi na jikin famfo, ka tabbata bakinsu ɗaya. Kāna ka tabbata lambobin famfo sun koma sifiri kafin a fara zuba maka.

Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin mudu. Ka san mudun da aka bubbuge gindinsa, ka san sikelin da aka sa wa dutse. Famfon mai shi ma mudu ne, sai dai ba ka ganin cikinsa. Hukumar awo da ingancin kaya ta Gana, watau GSA, ita ke zagawa tana gwada famfuna, wanda ya ci jarrabawa ta manna masa tambari mai kwanan wata. Nemi tambarin nan a jikin famfon da za a zuba maka. Bayan wannan akwai gwangwanin awo na lita 10 da a ke kira Ntease Kuruwa da bakin Asante, watau ƙoƙon fahimtar juna, wanda ya kamata a same shi a kowane gidan mai. In zuciyarka ba ta kwanta ba, kana da ikon ka ce a kawo shi a zuba lita 10 a gabanka, kowa ya ga inda man ya tsaya. Ka yi haka cikin mutunci, gama yaron da ke riƙe da tiyo ma'aikaci ne, mai yiwuwa bai san abin da aka yi wa famfon ba.

Wani zai ce a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba? To, mu yi lissafi. A ce famfo yana tauye rabin lita a kowace lita 10. Babbar motar da ke shan lita 200 ta yi hasarar lita 10 a sha ɗaya. In sau biyu ta ke sha a mako, lita 20 ke nan, a shekara fiye da lita 1,000. Dattawan da suka saba lissafi da galan su tuna galan ɗaya lita 4 da rabi ne. Kowa ya buga wannan da farashin yau ya ga ko sidi nawa ne.

RASIT

Karɓi rasit kowane sha, ko na lita biyar ne. Ya kasance da sunan gidan man, da kwanan wata, da irin man, da yawan lita, da kuɗin lita ɗaya, da jimla. In da hali a rubuta lambar motar. Wanda ya biya ta waya kada ya goge saƙon, shi ma shaida ne.

Amfaninsa na farko shi ne ranar da aka zuba maka gurɓataccen mai. Ruwa ya kan shiga rumbun ƙasa da damina, marasa tsoron Allah kuma su kan gauraya dizal da kananzir, ko fetur da man masunta da Gwamnati ke rage wa kuɗi. NPA tana sa wani sinadari a cikin man da ya bi hanyar halal, ma'aikatanta kuwa suna iya gwada man gidan mai su gane ko an surka shi. Amma ta ce a kawo ƙara cikin kwana biyu, tun man da a ke zargi bai ƙare a rumbun ba. In motarka ta fara tari da fizga bayan ka bar gidan mai, tsaya, ka sa makaniki ya ɗebi man a kwalba mai tsabta ka ajiye, ka ɗauki rasit ka nufi manajan wurin da ofishin hukumar. Wanda ba shi da rasit da me zai nuna a nan ya sha?

Amfani na biyu tsakanin maigida da direbansa ne. Sulhu nawa aka yi a zauren mai unguwa a kan kuɗin mai? Maigida ya ce ya ba da kuɗin lita 100, direba ya rantse ya zuba, mota ta tsaya a hanya. Ga zumunci ya ɓaci, wani lokaci tsakanin mutum da ɗan ƙanensa. A ajiye ɗan littafi a mota, kowane sha a rubuta lambar mil ɗin da agogon mota ya nuna, a maƙala rasit. Bayan wata ɗaya maigida zai san abin da motarsa ke sha daga Kumasi zuwa Tamale, direba mai amana kuma ya huta da zargi. In shan ya ƙaru haka kawai, littafin ne zai fara nuna cewa tanki ko bututu yana yoyo, ka ga ya tsare aljihu ya kuma tsare rai.

TAKARDUN MOTA

Huɗu ne ba a rabuwa da su: lasin direba, da takardun mallakar mota, da takardar lafiyar mota, da inshora. Ukun farko daga hukumar DVLA su ke fitowa. Lasin yana da aji-aji, mai ajin ƙaramar mota ba shi da izinin jan babbar motar kaya. Takardar lafiyar mota shekara ɗaya ta ke yi ga motar gida, wata 6 ga motar haya. Kada a aiki ɗan tsakani ya kawo takarda mota tana gida. Dubawar nan ita ce ranar da wani zai leƙa ƙarƙashin motarka ya ga abin da kai ba ka gani. In ka sayi mota a hannun wani, ka mai da sunan takardun naka, domin ranar biyan diyya wanda sunansa ke takarda shi a ke nema.

Inshora kuwa, tun 1958 doka ta wajabta ta a ƙasar nan. Amma a fahimci abin da aka saya. Mafi araha, wadda doka ta tilasta, tana biyan mutanen da motarka ta yi wa ɓarna ne, fasinja ko mai tafiya a ƙasa ko dukiyar wani. In motarka ta ƙone ƙurmus a gidan mai, wannan ba za ta ba ka ko sisi a kan motar ba. Akwai ta tsakiya wadda ta ƙara da gobara da sata, akwai kuma cikakkiya. Kayan da ke cikin motar, ko goro ne, ko albasa, ko atamfa, su kuma inshorarsu dabam ce, ta kaya a hanya. Fatake da yawa ba su san wannan ba sai ranar da suka je neman haƙƙi.

An sha sayar wa mutane takardar inshora ta jabu a bakin tasha. Tun 2020 hukumar inshora ta ƙasa ta tattara sunayen motocin da ke da inshorar gaske a wuri ɗaya. Buga *920*57# a wayarka, ka sa lambar mota, za ta gaya maka ko tana da ita da ranar ƙarewarta. Fasinja ma yana iya yin haka kafin ya hau. Araha ba ta ado.

Duk takardun nan a yi musu hoto biyu, ɗaya a gida, ɗaya a cikin waya. Wutar da ta ci mota ba ta barin aljihun gaban mota.

Masu ƙetare iyaka ta Aflao ko Elubo ko Paga su nemi katin inshora na ƙasashen ECOWAS, mai launin ƙasa, wanda aka kafa tsarinsa a Kwatano a 1982, domin shi ke tsaya wa mota in ta yi ɓarna a wata ƙasa. Barkina Faso da Mali da Nijar sun fita daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka mai nufin Wagadugu ko Yamai ya tambayi kamfanin inshorarsa a rubuce abin da takardarsa ta ƙunsa kafin ya kama hanya. Kada kuma a jera jarkokin fetur cikin kayan fasinja don an ji ya fi araha a wancan gefe. A kan iyaka sunansa fasa-ƙwauri, a kan hanya kuwa ɗan karon da bai kai kome ba ya kan zama gobara.

ABIN DA YA RAGE GA DATTAWA

Gidajenmu na zango a manne su ke da juna, ɗaki goma sha a tsakar gida ɗaya, kowace ƙofa da murhunta, lunguna kuwa waɗansu ko amalanke ba ya shiga, balle motar 'yan kwana-kwana. A irin wannan wuri jarkar fetur ɗaya a ƙarƙashin gado ta shafi unguwa duka. Masu gidaje su hana ajiye shi a ɗakin kwana da kusa da madafa. Wanda ya zama dole ya ajiye kaɗan don janareto, ya sa a mazubi mai murfi sosai, a inuwa, a inda iska ke ratsawa, kuma kada ya ƙara wa janareto mai yana aiki ko yana da zafi. Kada a zuba fetur ko kananzir a kwalbar lemo inda yaro zai gani ya ɗaga. A hana samari zuƙo mai da baki ta tiyo, domin in ya shiga huhu yana kisa. In tanka ta faɗi a hanya, a kori yara da manya daga wurin, man da a ke ɗiba da bokiti ya hallaka ɗaruruwan mutane a ƙasashen nan namu.

In kuma aka ga ana haƙa ramin rumbun mai a jikin makaranta, ko kasuwa, ko a kan hanyar ruwa, Sarkin Zango da masu unguwa suna da bakin magana. Su rubuta wa majalisar gari da EPA da NPA, su nemi a nuna musu takardun izini, su ajiye kwafin wasiƙarsu. Magana tun ana tona gindi ta fi sauƙi bisa ga bayan an kafa famfo. Haka kuma 'yan'uwanmu mata masu tuyar ƙosai da masu shayi da ke neman abinci a bakin gidajen mai, a nema musu wuri mai nisa cikin lalama, kada a bar su da wuta a bakin kwata.

Mu kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne. Amma madugun da ya san haka bai fasa duba zango ba kafin ya sauke kaya. Muna roƙon kowane mai mota ya karanta wa direbansa da yaron motarsa wannan, sarakunan tasha kuma su faɗa a taronsu na gaba. Allah ya kiyashe mu da dukiyarmu, ya kai kowa gida lafiya, amin.